Daga Raunin Kai Zuwa Taswirar Ƙwaƙwalwa

Kusan kowace gaɓa ta cikin jiki tana tona asirin aikinta da kanta. Zuciya tana bugawa har ka ɗora hannu a ƙirji ka ji ta. Huhu yana cika yana sacewa. Mahauci in ya farke tumbi ya tarar da abin da dabba ta ci, ba sai an yi masa bayanin amfaninsa ba. Ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta ƙi cewa uffan. Curi ne mai laushi, mai ninki-ninki, nauyinsa a kan baligi kamar kilo 1.4, kuma duk kallon da za ka yi masa babu abin da zai nuna maka cewa nan ake gani, can ake magana, ga inda sunan mahaifiyarka yake ajiye.

Yau ɗan sakandare yana zana ta a darasi ɗaya. Ga babbar ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira seribiram, ta rabu gida biyu, dama da hagu, kowane ɓari da yankin goshi, da na tsakar ka, da na gefen kunne, da na ƙeya. Ga ƙaramar ƙwaƙwalwa, seribelam, a maƙale ƙarƙashinta ta baya. Ga kututturen da ya haɗa su da laka. Ya rubuta aikin kowanne a gefe, malam ya ba shi maki. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne an shafe fiye da shekara 3,000 ana wannan zane, kuma mafi yawan kuɗinsa marasa lafiya ne suka biya: sojojin da harsashi ya huda wa ƙeya, da mutumin da ƙarfe ya ratsa wa goshi, da masu farfaɗiya, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. A gida mai yawan jama'a akwai wanda ba a sanin aikin da yake yi sai ranar da ya kwanta ciwo, aka wayi gari randa ba ruwa. Ta haka aka san sassan ƙwaƙwalwa. Wani sashe ya lalace, aka duba abin da ya tsaya.

Rubutu mafi tsufa da aka samu ya ambaci ƙwaƙwalwa na wani likitan Masar ne. Doguwar takarda ce irin ta mutanen da, wadda ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu, an kwafe ta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya saye ta a Luksor a 1862, cikakkiyar fassararta ba ta fito ba sai 1930. Raunuka 48 ta lissafa, ta faro daga kai tana gangarowa. A rauni na shida likitan ya bayyana mutumin da ƙoƙon kansa ya fashe har ana ganin abin da ke ciki. Ya ga ninkin, ya ga tantanin da ya lulluɓe ta, ya ji tana harbawa ƙarƙashin yatsunsa yadda maɗigar jariri ke yi. A wani wurin ya rubuta cewa wanda aka fasa wa gefen kai ana yi masa magana ba ya iya amsawa, a wani kuma mai raunin kai yana jan ƙafa. Ya raba raunukan uku: wanda zai warkar, da wanda zai yi kokawa da shi, da wanda ba shi da magani. Duk da wannan kaifin ido, masu shirya gawar manyan Masar suna zaro ƙwaƙwalwa ta hanci da ƙugiya su zubar, su bar zuciya a mazauninta, domin a ganinsu can hankali yake.

Ba abin zargi ba ne. Wanda ya tsorata zuciyarsa ce ke dukan uku-uku, mai baƙin ciki ƙirjinsa ne ke nauyi, kuma babu wanda ya taɓa jin ƙwaƙwalwarsa tana tunani. Aristotle, da duk zurfin saninsa na jikin dabbobi, a nan ya tsaya: zuciya ce mazaunin ji da tunani, ƙwaƙwalwa kuwa aikinta sanyaya zafin jini. Likitoci, da yake su ke zama da marasa lafiya, suna da wani gani dabam. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani littafi daga makarantar Hippocrates, wanda Larabawa ke kira Buƙraɗ, ya ce farfaɗiya ciwo ce kamar sauran cututtuka kuma daga ƙwaƙwalwa take tasowa, a lokacin da Girkawa ke ɗaukarta taɓawar allolinsu. Shekara 2,400 ke nan da wannan magana, amma har gobe akwai gidajen da ake gudun yawun mai farfaɗiya wai ana ɗauka, a bar shi yana buga kai a ƙasa babu mai tallafa masa.

A Iskandariya, cikin ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sarakunan garin suka ba Herophilus da Erasistratus damar feɗe gawar ɗan Adam. Herophilus ya bambanta babbar ƙwaƙwalwa da ƙarama, ya bi jijiyoyin saƙo har tushensu, aka kuma gane cewa wasu na ji ne wasu na motsi. Sai ƙofar ta rufe, ta kuma daɗe a rufe. Wanda ya gaji ilimin shi ne Jalinus, haifaffen Fargamon da ke Turkiyya ta yau, a shekarar 129. Ya yi aikin likitan bayin da ake haɗawa faɗan takobi, ya ga raunuka iri-iri. A birnin Rum yakan tara mutane, a ɗaure alade yana ta ihu, sai ya yanke wata siririyar jijiya a wuyansa. Aladen ya ci gaba da numfashi da shure-shure, amma murya ta ɗauke. Jijiyar kuwa daga ƙwaƙwalwa ta gangaro. Hujja ce da ba ta bar wa mutanen zuciya abin cewa ba. Sai dai shanu da birai Jalinus ke feɗewa, kuma hankalinsa ya fi tafiya kan wasu 'yan ɗakuna masu ruwa da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda ya zaci wata iska mai rai tana taruwa. Wajen shekarar 390 wani bishof na garin Hims a Siriya, Nemesius, ya raba wa ɗakunan aiki: na gaba su karɓi abin da aka gani aka ji, na tsakiya ya yi tunani, na baya ya ajiye. Taswira ce mai tsari, mai sauƙin koyarwa, kuma kuskure ce daga farko har ƙarshe, domin ruwa ne kawai a ɗakunan. Ta yi sama da shekara 1,000 tana mulki.

Malaman duniyar Musulmi ta wannan hanya suka karɓi ilimin, bayan Hunainu ɗan Ishaƙa da almajiransa sun fassara littattafan Jalinus a Bagadaza a ƙarni na 9. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya faɗaɗa tsarin ɗakunan zuwa gaɓoɓin ji na ɓoye guda biyar. Amma inda suka fi ciyar da al'amarin gaba shi ne inda suka dogara da idonsu da hannunsu. Al-Razi ya rubuta littafi sukutum kan wuraren da yake shakkar Jalinus. Al-Zahrawi na Kurɗuba ya bayyana aikin da ake yi wa jaririn da ruwa ya taru masa a ka, da yadda ake ɗaga ƙashin kai da ya lotsa. Ibn al-Haisam kuwa, a Alƙahira, ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke harba haske ba, kuma gani ba ya kammala a ido sai saƙon ya isa ƙwaƙwalwa ta yi masa hukunci. Wannan maganar ta tsaya daram har yau.

Da aka dawo feɗe gawar mutum a Turai, ɗakunan suka fara rasa martaba. A 1543 Andreas Vesalius, malami a Faduwa ta Italiya, ya nuna cewa wasu abubuwan da Jalinus ya ce suna kan mutum, a kan tumaki da shanu suke. A 1664 Thomas Willis na Oksifod ya mayar da aikin daga ruwan ɗakuna zuwa naman ƙwaƙwalwa kansa. Dabararsa ce ta fi kammalawarsa muhimmanci: yakan bi mara lafiya yana rubuta alamominsa, in ya rasu ya buɗe kansa ya nemi inda ya lalace. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan dabara aka gina shi.

Sai ga Franz Joseph Gall, likitan Biyana, a ƙarshen ƙarni na 18. Shi ne ya nace cewa ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan mai launin toka da ke sama, ya kasu yanki-yanki, kowanne da aikinsa. Nan ya yi daidai. Inda ya ɓata shi ne da ya ce baiwa 27 ne, irin su son 'ya'ya da girman kai da wayo, kuma duk wadda ta yi ƙarfi takan tura ƙashi waje, don haka shafa kan mutum ya isa a san halinsa. Wannan shafe-shafe da aune-aunen ƙoƙon kai suka zama makami a hannun masu neman hujjar bautar da baƙar fata da mallake ƙasashensu. Tun a 1836 wani masanin Jamus, Friedrich Tiedemann, ya auna ya nuna babu wani bambanci tsakanin ƙwaƙwalwar Bature da ta ɗan Afirka da zai ɗora wani kan wani, amma ba abin da ake son ji ke nan ba a wancan zamani.

Wanda ya tashi rusa Gall shi ne Pierre Flourens na Faransa. A shekarun 1820 ya riƙa cire sassan ƙwaƙwalwar tattabaru da zomaye ɗaya bayan ɗaya. In ya cire ƙaramar ƙwaƙwalwa, tattabara tana gani tana ji, ƙarfinta na nan, amma ba ta iya tsayuwa ko tashi, sai tangaɗi. In ya cire babbar, tana iya tsayuwa, amma ba ta neman abinci, ba ta gudun haɗari. In ya taɓa ƙasan kututture, wato medula, numfashi ya tsaya nan take, abin da Legallois ya riga ya nuna da zomaye a 1812. Manyan sassa uku ke nan suka samu aikinsu: ƙarama tana daidaita motsi, kututture yana riƙe da numfashi, babba tana da niyya da fahimta. Amma game da babbar, Flourens ya ce dunƙule take aiki, babu yanki-yanki. Tsoron kada a kira mutum almajirin Gall ya sa wannan ra'ayi ya zauna shekara kusan 40.

Marasa lafiya ne suka warware gardamar. Ranar 13 ga Satumba 1848, kusa da Cavendish a jihar Vermont ta Amurka, Phineas Gage, ɗan shekara 25, shugaban leburorin da ke fasa dutse don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, yana danna albarushi cikin rami da sandar ƙarfe sai ya tashi. Sandar, mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kilo 6, ta shiga ƙarƙashin kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba. Yana magana, yana tafiya, yana tuna komai. Amma likitansa John Harlow ya rubuta daga baya cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya tsara aiki ya koma mai gajen haƙuri da ashar, ya ƙulla wannan ya kwance ya kama wancan. Masu ba da labari sun ƙara wa wannan gishiri da yawa. Gage ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ba ya yiwuwa sai da tsari da haƙuri, wanda ke nuna ya farfaɗo ba kaɗan ba kafin rasuwarsa a 1860. Duk da haka shi ne ya fara sa likitoci tunanin cewa kamun kai da hangen gaba suna da alaƙa da abin da ke bayan goshi.

Hujjar da ta karya lagon Flourens daga asibitin Bicêtre na Faris ta fito. Louis Victor Leborgne ya shiga asibitin yana ɗan shekara 30, bayan magana ta ɗauke masa, ya zauna shekara 21. Gaɓa ɗaya tak ta rage masa a baki, "tan", har ta zama sunan da ake kiransa da shi. Yana fahimtar abin da ake faɗa masa, yana amsawa da hannu da sauya murya, harshensa da leɓɓansa suna motsi. Da tafiya ta yi tafiya hannunsa na dama ya shanye, ƙafar ta biyo baya. A watan Afrilu na 1861 aka kai shi wurin likitan fiɗa Paul Broca saboda ƙafar ta ruɓe, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Broca ya buɗe kansa ya tarar da wani gurbi da ya lalace a ƙasan yankin goshi na hagu. Ya ci gaba da tattara masu irin wannan lalura, kusan dukkansu a hagu abin yake, har a 1865 ya fito fili ya ce da ɓarin hagu muke magana. A 1874 Carl Wernicke, matashin likitan Jamus ɗan shekara 26, ya kawo kishiyar lamarin: mutanen da magana ke zuba daga bakinsu ba gargada amma ba ma'ana, kuma ba sa fahimtar abin da ake ce musu. Nasu raunin yana baya, a saman yankin gefen kunne na hagu.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya ga abin da Broca ya gani. Zaruruwan da ke kai umarnin motsi suna gittawa a medula, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Shi ya sa wanda ɓarinsa na dama ya shanye shi ne ya fi rasa magana, domin ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa ne jini ya yanke wa ko ya ɓalle a ciki, kuma a fiye da kashi 90 cikin 100 na masu amfani da hannun dama can harshe yake. Likitan Ingila John Hughlings Jackson ya lura da wani abu da 'yan jinya kan yi mamakinsa har yau: wanda ba ya iya haɗa jimla ya roƙi ruwa, wani lokaci yana iya ƙirge, ko ya biya addu'ar da ya haddace tun yana yaro, domin maganar da baki ya saba da ita ba hanya ɗaya take bi da wadda ake ƙirƙira sabuwa ba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne yadda akan zauna a gaban irin wannan mara lafiya ana tattauna shi kamar ba ya wurin. Da yawansu suna jin kowace kalma, amsar ce ta ƙi fitowa.

Broca da kansa bai tsira daga cutar zamaninsa ba. Ya yi imani da auna ƙoƙon kai don jera jinsunan mutane sama da ƙasa. Wani ɗan ƙasar Haiti, Anténor Firmin, wanda ya shiga ƙungiyar da Broca ya kafa a Faris, shi ne ya bi lissafin nan dalla-dalla ya rusa shi a littafinsa na 1885 kan daidaiton jinsunan ɗan Adam.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1870 Gustav Fritsch da Eduard Hitzig a Balin suka taɓa ɓawon ƙwaƙwalwar kare da ɗan ƙaramin lantarki, ƙafar ɗaya ɓarin ta motsa. Suka matsa kaɗan, wuya ya motsa. David Ferrier ya faɗaɗa taswirar da birai. A 1884, a Landan, Rickman Godlee ya buɗe kan wani matashi daidai inda alamomin ciwonsa suka nuna, ba tare da wata shaida a waje ba, ya tarar da ƙari ya cire. Matashin ya rasu bayan wata guda saboda ciwon ya harbu, amma an tabbatar taswirar tana kai likita inda yake nema. Yankin gani kuwa yaƙi ne ya zana shi. A yaƙin Rasha da Jafan na 1904 zuwa 1905, bindigogin Rasha suna harba siririn harsashi mai gudu da ke huda kai ya fita ba tare da ya kashe kowa da kowa ba. Likitan ido Tatsuji Inouye, da aka sa ya auna makantar sojoji don a yanka musu fansho, ya riƙa gwada mashigar harsashi da mafitarsa da gurbin da ya ɓace a ganin kowane soja. Ya gano cewa abin da ido ke kallo a shimfiɗe yake a ƙeya cikin tsari, kuma tsakiyar gani ta kwashe fili mafi girma. Idanun sojojin lafiya lau suke. A wannan tsakanin ne Camillo Golgi ya samo hanyar rina ƙwayoyin jijiya a 1873, Santiago Ramón y Cajal ya yi amfani da ita ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take, tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta. Aka raba musu lambar Nobel a 1906 suna kan saɓani.

Babu wanda ya ga ƙwaƙwalwar mai rai tana aiki kamar Wilder Penfield, wanda ya buɗe cibiyarsa a Montreal ta Kanada a 1934. Naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafi, don haka yakan kashe fatar kai kawai, ya buɗe ƙashi, mai farfaɗiya yana farke suna hira. Ya taɓa wuri da lantarki, mara lafiya ya ce babban yatsana ya motsa, ko leɓena yana tsikari, sai ya ajiye 'yar takarda mai lamba a wurin. Manufarsa ya cire inda farfaɗiya ke tasowa ba tare da ya taɓa magana ko motsi ba. Daga ayyuka masu yawa irin wannan taswirarsa ta 1937 ta fito: zirin motsi a ƙarshen yankin goshi, zirin ji a farkon yankin tsakar ka, jiki a kife, ƙafa a sama fuska a ƙasa. Hannu da leɓe da harshe sun cinye fili, gadon baya da cinya ɗan kaɗan suka samu. Darasin goshi kuwa a gidansu ya koye shi. A 1928 ya yi wa 'yar'uwarsa aikin ƙari, ya cire babban ɓangare na yankin goshinta na dama. Ta tashi da hankalinta da maganarta. Amma da ya ziyarce ta daga baya, ya tarar girkin da ta saba yi wa iyali da baƙo ya gagare ta tsarawa, ta san kowane mataki, jera su ne ya ƙi.

Da an tsaya an yi nazarin wannan da kyau, da wataƙila an kauce wa abin kunyar da ya biyo baya. A 1935 Egas Moniz na Lisbon ya fara yanke zaruruwan yankin goshi don maganin taɓin hankali, har aka ba shi Nobel a 1949. Walter Freeman a Amurka ya mayar da aikin na 'yan mintoci, ana cusa tsinken ƙarfe ta saman kwarmin ido. Dubun dubatar mutane aka yi wa. Da yawa sun yi shiru, kuma shirun aka ɗauka waraka, alhali himma da tsari da abin da ya sa su su ne aka yanke. Sanin inda sashe yake ya riga sanin abin da yake yi nisa, masu wuƙa kuma ba su jira ba.

Irin wannan ganganci ne ya buɗe asirin tunawa. A 1953, a Hartford ta Amurka, William Scoville ya cire wa Henry Molaison, ɗan shekara 27 mai fama da farfaɗiya, cikin yankin gefen kunne na ɓarin biyu, har da mafi yawan wani lanƙwasasshen sashe da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta ragu. Amma daga ranar bai ƙara ajiye sabon abu ba. Yana tuna yarintarsa, basirarsa na nan, yana hira da kai cikin ladabi, ka fita ka dawo bayan 'yan mintoci ya gaishe ka a matsayin baƙo. Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi, aiki mai wuya ga kowa. Kullum yana ƙara ƙwarewa, kullum yana cewa bai taɓa yi ba. A nan aka gane cewa tunawa iri-iri ce: ajiye abin da ya faru aikin hifokamfas ne, ƙwarewar hannu kuwa wasu sassa ne ke riƙe da ita, ciki har da ƙaramar ƙwaƙwalwa. Molaison ya rayu shekara 55 a haka, masana suna zuwa suna gwada shi yana ba su haɗin kai, ya rasu a 2008. Scoville ya fito ya gargaɗi sauran likitoci kada a sake wannan aiki.

Sassan can ciki ma ta ciwo da gwajin dabbobi suka bayyana. Annobar ciwon barci da Constantin von Economo ya bayyana a Biyana a 1917 ta nuna cewa barci da farkawa suna da mazauni a saman kututture da kewayensa. Walter Hess, da kyanwoyinsa a Zurik, ya nuna haifotalamas, wanda nauyinsa bai fi giram 4 ba, yana da hannu a bugun zuciya da hawan jini da fushi, aka kuma tabbatar shi ke kula da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki. Talamas ya zama mashigar da saƙon gani da ji da taɓawa ke bi kafin ya hau ɓawo, amigdala kuma aka same ta a tsakiyar al'amarin tsoro. A shekarun 1960 Roger Sperry da Michael Gazzaniga suka yi nazarin masu farfaɗiyar da aka yanke musu gadar da ta haɗa ɓarin biyu, suka ga hannun hagu yana iya zaɓo abin da baki ya ce bai gani ba. Daga nan masu littattafan kasuwa suka ƙago zancen wai wani mai ƙwaƙwalwar dama ne wani mai ta hagu. Ga wanda gadarsa ke nan, ɓarin biyu tare suke aiki a kowane lokaci.

Sai a 1971, a wani asibiti a Landan, na'urar hoto ta Godfrey Hounsfield ta leƙa cikin kan mai rai ba tare da wuƙa ba. Hoton maganaɗisu ya biyo baya, kuma daga 1990, bisa binciken Seiji Ogawa, aka fara amfani da shi wajen bin yadda jini ke karkata zuwa sashen da ke aiki. Ta haka lafiyayyu ma suka shiga sahun masu koyarwa, kuma abin da suka koyar ya sassauta layukan taswirar. An ga yankin ƙeya na waɗanda suka makance tun suna ƙanana yana aiki in suna karatu da yatsa. A 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa bayan hifokamfas ɗin direbobin tasi na Landan, masu haddace dubban tituna, ya fi na sauran mutane girma. A 2009 ƙirgen da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a Birazil ya ba da ƙwayoyin jijiya biliyan 86, kuma biliyan 69 daga ciki suna ƙaramar ƙwaƙwalwa, sashen da nauyinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, wanda tun zamanin Flourens aka bar wa daidaita tafiya kawai. Yanzu an san masu rauni a can sukan samu matsala a tsara tunani da sarrafa harshe da yanayin rai.

Har yankin Broca bai tsira daga wannan bita ba. Broca bai yanka ƙwaƙwalwar Leborgne ba, ya duba ta daga waje ya ajiye ta a kwalba yadda take. A 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka wallafa hoton maganaɗisu da suka ɗauke ta, tare da ta Lelong, mara lafiyan Broca na biyu. Raunin ya nutsa ciki fiye da yadda Broca ya iya gani, ya katse babbar hanyar fararen zaruruwa da ke haɗa yankin goshi da yankunan baya. Wannan ya dace da abin da likitoci suka fara lura da shi tun shekarun 1970: wanda rauninsa ya tsaya a ɗan gurbin da ke ɗauke da sunan Broca kaɗai, sau da yawa maganarsa takan dawo cikin makonni ko watanni, wanda hanyoyin da ke ƙarƙashi suka yanke masa kuwa shi ne lalurar ke daɗewa tare da shi. Shi ya sa likitan yau, in ya ɗaga hoton kan mai shanyewar ɓarin jiki, bayan ya ga wane yanki ne ya mutu yakan duba waɗanne hanyoyi ne suka rage, domin da su masu gashi da masu koyar da magana za su yi aiki.